Minshari da Gwajin Jini: Shin Ɗigon Jini Zai Iya Tona Cutar Toshewar Numfashi a Barci?

Da wuya ka shiga unguwa a Kutama ko Getso ko Garo ka rasa magidancin da aka sani da minshari. Abokan wasa kan tsokane shi a majalisa, su ce tun daga zaure ake jiyo shi, shi kuma ya yi dariya ya ce gajiyar mai nema ce. Wadda ba ta dariya ita ce matar da ke kwana kusa da shi, domin ita take jin abin da ke biyo bayan ƙarar. Minsharin zai yi ta hawa, sai ya tsaya cak. Ƙirjin mutumin yana motsi, cikinsa yana ɗagawa, amma babu iskar da ke wucewa. A ƙirga goma, a ƙirga ashirin, har ta miƙa hannu za ta girgiza shi, sai ya yi gurnani ya fizgo numfashi, ya juya, ya ci gaba da barcinsa. Gari na wayewa bai san an yi ba. Abin da ya sani shi ne ya tashi da ciwon kai da bushewar baki, ya fita fitsari sau uku cikin dare, kuma kafin azahar yana gyangyaɗi a shago ko a bayan sitiyari. Wannan ita ce cutar toshewar numfashi a barci. Idan mutum ya yi barci, tsokokin maƙogwaronsa sukan saki, harshe da ganɗa su faɗa baya, hanyar iska ta ƙuntace ko ta rufe gaba ɗaya. Likitoci suna lissafa duk tsayawar da ta kai daƙiƙa 10, su haɗa da lokutan da numfashin ya ragu sosai, su raba da awowin barci. Daga 5 zuwa 15 a awa ɗaya, cutar mai sauƙi ce. Daga 15 zuwa 30, matsakaiciya. Abin da ya kai 30 ko ya haura, ta yi tsanani.

Ba ƙaramar cuta ba ce, kuma ba ta Turawa kaɗai ba ce. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Respiratory Medicine ta buga a 2019 ya ce mutane kusan miliyan 936 masu shekara 30 zuwa 69 ne ke ɗauke da ita a duniya, miliyan 425 daga cikinsu a matakin matsakaici ko mai tsanani, kuma Najeriya tana cikin ƙasashe goma da suka fi yawan masu ita. Sai dai ƙiyasin ya dogara ne da alƙaluman ƙasashe 16 kacal, sauran an yi musu kintace ne. Alaƙarta da hawan jini, musamman irin wanda ake haɗa magani uku bai sauka ba, da shanyewar ɓarin jiki, da rikicewar bugun zuciya, da ciwon suga, duk an daɗe da rubuta su. Direban da ke da ita kuma haɗarin da yake ciki na yin karo ya ninka na waninsa sau biyu ko fiye. Duk wanda ya san yadda ake lodi a hanyar Kano zuwa Gwarzo zuwa Dayi, da yadda direba ke yin sawu bayan sawu yana danne barci da goro da shayi, ya san wannan magana ta shafe mu kai tsaye.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tabbatar da cutar. Hanyar da duniyar likitanci ta amince da ita ita ce mutum ya kwana a ɗakin gwajin barci. A manna masa wayoyi a fatar kai don karanta aikin ƙwaƙwalwa, wasu a gefen ido da haɓa, a ɗaura masa ɗamara biyu a ƙirji da ciki, a sa masa siririn bututu a ƙofar hanci, a maƙala masa na'urar auna iskar jini a yatsa, ma'aikaci kuma ya kwana yana kallon kwamfuta. Washegari ƙwararre ya zauna ya bi bayanan awa bakwai ko takwas ɗaya bayan ɗaya. Irin waɗannan ɗakuna 'yan ƙalilan ne a Najeriya, a manyan birane suke, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin talaka. Mutumin Kutama da zai fara daga asibitin sha-ka-tafi, a tura shi Babban Asibitin Gwarzo, daga nan ya yi tafiyar kimanin kilomita 70 zuwa Kano, ya bar gonarsa ko shagonsa, duk a kan minsharin da shi bai ma ɗauke shi ciwo ba, ai ba zai je ba. Daga wannan giɓi ne tambayar ta taso: me zai hana a samo wata alama a jini ko fitsari da za ta nuna cutar, yadda ake tsaga yatsa a gano zazzabin cizon sauro cikin minti 15? Masu bincike sun shafe kusan shekara talatin suna neman wannan alama. Ra'ayina shi ne neman ya dace, amma abin da aka samu zuwa yanzu bai kai a dogara da shi ba, kuma a yanki irin namu ya fi rauni fiye da ko'ina. Sai dai masu goyon bayan gwajin jinin suna da hujjoji masu nauyi, kuma adalci ne a fara da su.

Hujjarsu ta farko daga jikin ɗan Adam take. Mutumin da numfashinsa ke yankewa sau 40 a awa, cikin barcin awa bakwai ya shaƙe kusan sau 280 ke nan. Kowane karo iskar oksijin ta faɗi a jininsa, ƙwaƙwalwa ta firgita, jiki ya saki sinadaran tashin hankali, zuciya ta ƙara gudu, jini ya hau, sannan iska ta dawo. Hankali ba zai ɗauka a ce irin wannan dambarwa tana faruwa kowane dare shekara da shekaru ba ta bar sawu a jini ba. Kuma ta bari. A 1997 Alexandros Vgontzas da abokan aikinsa a Amurka sun nuna cewa sinadaran kumburi biyu, IL-6 da TNF-alfa, sun fi yawa a jinin masu wannan cuta. A 2002 wani bincike a mujallar Circulation ya nuna haka game da CRP, furotin ɗin da hanta ke fitarwa idan akwai kumburi a jiki. Ƙoda ma idan ta ji ƙarancin iska takan ƙara fitar da sinadarin EPO mai umartar ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Sinadaran firgita suna dagula sarrafa suga, don haka ma'aunin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, yakan ɗaga. Akwai kuma yurik asid da bayikabonet, waɗanda su ma suke motsawa. A ɓangaren yara, David Gozal da tawagarsa sun ba da rahoto a 2009 cewa wasu furotin huɗu a fitsarin safe suna bambanta yaro mai cutar da yaro mai minshari kawai. Duk wannan ilimi ne na gaske, kowane sinadari kuma akwai bayanin da ya sa yake canjawa.

Hujja ta biyu ta fi kusa da mu. Jama'armu sun saba da gwajin jini, sun kuma yarda da shi. Ka ce wa dattijo minsharinsa ciwo ne, zai yi murmushi. Ka miƙa masa takardar lab da lamba a jiki, zai gyara zama. Ɗakunan gwaji suna nan a manyan asibitocin ƙananan hukumomi, ma'aikatan da suka iya ɗibar jini suna nan, ana iya ɗiba a Kutama da safe a kai Gwarzo ko Kano a akwatin sanyi. Ba a buƙatar mutum ya kwana a baƙon gado, ba a buƙatar wutar lantarki ta tsaya dare guda. Sannan jini ba ya jin kunya. Tambayoyin da ake tantance cutar da su sun dogara ne da abin da mutum ya faɗa, alhali magidanci da yawa a turakarsa yake kwana shi kaɗai, direba yana tsoron a raba shi da mota idan ya ce yana gyangyaɗi, mace kuwa a ce tana minshari abin kunya ne da ko mijinta ba zai furta a gaban baƙo ba. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da wani bincike na 2018 da aka yi a Amurka a kan maza 264, inda aka haɗa HbA1c da CRP da EPO a lissafi ɗaya, aka ga haɗin ya fi takardun tambayoyin da aka saba da su iya ware masu cutar. Suka ce ba maye gurbin ɗakin gwajin barci suke so ba, so suke a samu matata: wanda jininsa ya nuna alama shi za a ɗora wa wahalar zuwa birni, sauran a sallame su.

Wannan magana tana da daɗin ji, amma tana da rami, kuma ramin a tsakiyarta yake. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai da ya keɓanta da toshewar numfashi. CRP hayaƙi ne: yana gaya maka akwai wuta a unguwa, ba ya gaya maka ko girki ake yi, ko bola aka ƙona, ko ɗaki ne ya kama. Ciwon haƙori yana ɗaga shi, mura tana ɗaga shi, gyambo a ƙafa yana ɗaga shi. Babbar matsalar ma ita ce ƙiba. Kitsen jiki da kansa yana fitar da IL-6, ita kuma ta sa hanta ta ƙara CRP, kuma ƙiba ce kan gaba a abubuwan da ke jawo toshewar numfashi. To idan aka ga mai teɓa da CRP a sama, numfashin ne ya jawo ko teɓar? An yi ƙoƙarin warware wannan ta hanyar bai wa marasa lafiya na'urar CPAP, wadda ke hura iska ta hanci ta hana maƙogwaro rufewa, sannan a sake auna jinin. Da cutar ce ke ɗaga sinadaran, da sun sauka bayan an magance ta. A wasu binciken sun ɗan sauka, a wasu kuwa, har da waɗanda aka tsara su da tsauri, ko gezau ba su yi ba. Da Graziela De Luca Canto da abokan aikinta suka tattara abin da aka rubuta a kan batun a 2015, sun tarar da ɗimbin rahotanni, amma 'yan kaɗan ne suka cika sharuɗɗan da za a iya auna ƙarfin gwaji da su. Har yau babu wata babbar ƙungiyar likitocin barci da ta amince a tabbatar da cutar da gwajin jini kaɗai. Ƙa'idar da ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar a 2017 ta tsaya ne a kan gwajin barci, ko dai a asibiti ko da ƙaramar na'ura a gida.

Wannan raunin na ko'ina ne. Namu ya ɗara haka, kuma a nan ne nake ganin masu ɗokin gwajin ba su zauna sun yi lissafin ƙasar da za a kawo shi ba. A ɗauki sinadarai ukun nan na binciken 2018 ɗaya bayan ɗaya a ajiye su a Gwarzo cikin watan Satumba. CRP: Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzabin cizon sauro a duniya, a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma a ƙarshen damina akwai mutane da yawa da ke yawo da ƙwayar cutar a jini ba tare da sun kwanta ba. Zazzabin yana ɗaga CRP da IL-6 da TNF-alfa, wato daidai sinadaran da ake son a karanta. Ga taifot, ga tarin fuka, ga hayaƙin itace da mata ke shaƙa a madafi, ga ƙurar hunturu. EPO: duk abin da ya rage jini yana ɗaga shi, ƙarancin jini kuwa a tsakanin mata masu haihuwa da yara a Arewa ba baƙon abu ba ne. HbA1c: wannan ma'auni ya dogara ne da tsawon ran jajayen ƙwayoyin jini. Idan suna mutuwa da wuri, kamar yadda yake ga mai sikila ko wanda zazzabi ya farfasa masa jini, lambar takan faɗi ƙasa da gaskiya. Idan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne, takan hau sama da gaskiya. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a ƙasar nan yana ɗauke da rabin gadon sikila, kuma wasu hanyoyin auna HbA1c suna rikicewa da irin wannan jini. Ke nan duka ƙafafu ukun da gwajin ya tsaya a kansu, cututtukan da suka fi yawa a yankinmu suna taɓa su. Lissafin da aka gina a kan maza Amurkawa da suka riga suka je asibitin barci da ƙorafi, babu mace ko ɗaya a cikinsu, ba za a ɗauko shi a ɗora wa manomin Kabo a ce zai faɗi gaskiya ba.

Za a iya cewa to ai matata ce kawai, kuskure kaɗan ba zai kashe kowa ba. Mu gwada da lissafi na misali. Mu ƙaddara akwai gwajin da ke kama mutum 80 cikin kowane 100 masu cutar, amma yana yi wa 30 cikin kowane 100 masu lafiya ƙarya. A gwada mutum 1,000 a garin da 100 daga cikinsu ne ke da cutar da gaske. Zai kama 80, ya saki 20 da takardar cewa lafiyarsu lau. Daga cikin 900 masu lafiya kuwa zai nuna 270. Wato mutum 350 za a ce su nufi Kano, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu nasu kuɗin mota kawai za su ƙona. A ƙasar da marar lafiya ke biyan yawancin kuɗin magani daga aljihunsa, wannan kuskure buhun masara ne da aka sayar, ko akuya. Su kuma 20 ɗin da aka sallama, a cikinsu akwai direban da yanzu yake da hujjar da zai nuna wa matarsa idan ta ce ya je asibiti. Akwai wani haɗarin ma da duk wanda ya san kasuwar lafiya a ƙasar nan zai hango: ranar da aka ce akwai "gwajin minshari", washegari za a fara sayar da shi a kowane lungu, kamar yadda gwajin Widal ya zama hanyar laƙaba wa dubban mutane taifot ɗin da ba su da shi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a wannan muhawara shi ne yadda ake tsallake alamomin da ke hannu, ana hangen waɗanda ba su iso ba. A 2008 Frances Chung da abokan aikinta a Toronto ta Kanada suka fitar da tambayoyi takwas da ake kira STOP-Bang. Kana minshari mai ƙarfi? Kana yawan jin gajiya ko barci da rana? Wani ya taɓa ganin numfashinka ya tsaya? Kana da hawan jini? Sauran huɗun awo ne: ƙiba mai yawa, shekaru sama da 50, kaurin wuya da ya haura santimita 40, da kasancewa namiji. Wanda ya samu biyu ko ƙasa da haka haɗarinsa kaɗan ne, wanda ya samu biyar zuwa takwas haɗarinsa babba ne. Kayan aikin su ne sikeli, da na'urar awon jini, da tef irin na tela a zagaya wuya daidai maƙoshi. Ma'aikacin lafiya a Kutama zai gama wannan cikin minti biyar ba tare da ya karɓi ko sisi ba. Gaskiya ne wannan takarda ma tana yawan nuna mutanen da ba su da cutar, kuma gaskiya ne tana dogara da baki. Amma maganin kunya shi ne a san wanda za a tambaya da yadda za a tambaye shi. Ma'aikaciya mace ta keɓe da uwargida, za ta ji abin da likita namiji ba zai ji ba a gaban maigida. Mai mata biyu ko uku ma yana da shaidu fiye da ɗaya, kowacce da darenta, abin da ɗakin gwajin dare guda ba ya samu. Wayar hannu kuma tana iya naɗar minsharin da shirun da ke tsakaninsa a kawo wa likita ya saurara.

Mataki na gaba shi ne alamar da ta fi kowacce kusa da cutar, wato faɗuwar iskar jini a daidai lokacin da take faɗuwa. Akwai ƙaramar na'ura mai batir da ake ɗaurawa a hannu a maƙala a yatsa, mutum ya kwana da ita a ɗakinsa, ta riƙa rubuta yawan oksijin dare guda. Ba irin wadda aka saba gani tun zamanin korona ba, mai nuna lamba ta lokaci ɗaya. Wannan tana ajiye bayani. Da safe a zuba a kwamfuta, mai cutar za a ga layinsa yana faɗuwa yana tashi sau ɗaruruwa, a ƙirga sau nawa ya faɗi da kashi 3 ko 4 cikin 100 a kowace awa. Hukumar NICE ta Ingila, a ƙa'idarta ta 2021, ta yarda a yi amfani da wannan hanya inda cikakken gwajin gida ya yi wuyar samu. Idan Ingila ta buɗe wannan ƙofa, ban ga dalilin da zai sa Kano ta rufe ta ba. Na'ura ɗaya za ta iya zagaya gidaje da dama a wata, ba ta cin sinadari, ba ta buƙatar firji.

Ita ma tana da nata aibin, kuma masu gwajin jini suna da gaskiya idan suka ɗago shi. A 2020 Michael Sjoding da abokan aikinsa a Jami'ar Mishigan suka nuna cewa na'urorin auna iska a yatsa sun fi kuskure a kan baƙar fata: ƙarancin iskar da na'urar ta kasa gani ya kusan ninka sau uku a baƙaƙe idan aka kwatanta da farare. Lalle mai duhu da jan farce da sanyin yatsa a hunturu su ma suna iya rikita karatun. Sannan siririn mutum mai cutar mai sauƙi zai iya kwana yana farkawa ba tare da iskarsa ta faɗi sosai ba, na'urar ta wanke shi. Amsata ita ce a nan ba lamba ɗaya ake nema ba, yanayin hawa da saukar ake dubawa, kuma wannan ya fi jure kuskuren launin fata, ko da yake bai kuɓuta gaba ɗaya ba. Idan ta nuna cuta mai tsanani ga mai minshari da gyangyaɗi, abin yarda ne. Idan ba ta nuna ba alhali alamomi sun yi yawa, sai a tura shi gaba. Kuskurenta sananne ne, an san ta inda yake zuwa, ana iya yi masa shiri.

Akwai masu tsayawa gefe su ce duka ɓangarorin biyu ɓata lokaci suke yi: me amfanin gano cutar da ba a iya maganinta? Na'urar CPAP, wadda Colin Sullivan ya ƙirƙiro a Sidni ta Ostareliya ya kuma bayyana a 1981, tana da tsada, tana son wuta kowane dare. Ƙari a kan haka, babban gwajin SAVE da aka buga a 2016 bai nuna ta rage bugun zuciya ko shanyewar jiki ba, ko da yake mahalartansa awa uku da 'yan mintuna kawai suke sa ta a dare, kuma ta rage musu barcin rana ta gyara musu rayuwa. Wannan ƙorafi yana da tushe, shi ya sa ban goyi bayan a bi gida-gida ana gwada kowa ba. Kwamitin rigakafi na Amurka ma a 2022 ya ce babu isasshiyar hujjar tantance mutanen da ba su da wata alama. Amma a ce babu magani, wannan kuskure ne. Wani bincike da aka yi a Wiskonsin ya nuna rage kashi 10 cikin 100 na nauyin jiki yana tafiya da raguwar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na yankewar numfashin. Mutane da yawa a rigingine cutar ke kama su, kwanciya a gefe tana sassauta musu. Barin ƙwayoyin sa barci da kodin da tiramadol yana taimakawa, domin suna ƙara danne numfashi. Yaron da ke barci baki buɗe, yana minshari, yana fitsarin kwance, sau da yawa tsokokin maƙogwaro da na bayan hanci ne suka kumbura, likitan kunne da hanci da maƙogwaro yana cire su, kuma yara masu sikila sun fi faɗawa wannan matsala. A nan dole a ja kunne: cire beli a wurin wanzami ba ya magance toshewar, domin ba belin kaɗai ke rufe hanyar ba, abin da yake jawowa shi ne zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Sola kuma da ta shiga ƙauyuka ta sa CPAP ba ta gagari kowa da kowa ba kamar da.

Ban ce a rufe littafin gwajin jini ba. Mai yiwuwa wata rana a samu haɗin sinadarai, ko wata alama a fitsari ko a iskar da mutum ke fitarwa, da za ta tsaya da ƙafarta. Ga yara musamman, waɗanda kwana da wayoyi ke yi musu wuya, gwajin fitsari zai zama babbar rahama. Amma idan ana so ya yi aiki a nan, a nan za a gwada shi: a kan masu ɗauke da sikila, da damina da rani, maza da mata, a gefe guda kuma ana yi musu cikakken gwajin barci don a ga ko jinin ya faɗi gaskiya. Wannan aiki ne da ya dace da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero, kuma garuruwa irin Kutama ne ya kamata su zama filinsa, domin a nan ake samun jinin da gwajin zai yi fama da shi.

Kafin wannan rana, kiran da zan yi ga Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano da hukumar kula da lafiya a matakin farko shi ne a fassara tambayoyin nan takwas zuwa Hausa, a sa su a teburin duk inda ake duba masu hawan jini da ciwon suga a Gwarzo da Kabo, a ajiye 'yan na'urorin auna iska na dare a manyan asibitocin yankin, a koya wa ma'aikata karanta su. Shugabannin tasha su ma su shigo, direban da aka san yana gyangyaɗi a taimaka masa ya je a duba shi maimakon a kore shi. Ke kuma uwargida, idan kina ganin numfashin maigida yana tsayawa cikin dare, ki faɗa masa, ki kuma raka shi asibiti ki faɗa wa likita da bakinki. Duk wanda ya ce zai gano muku cutar da gwajin jini kaɗai a yau, kada ku ba shi kuɗinku.